Kafin a shimfiɗa sola a kan ruwanmu, a zauna da masunta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili a jaridarku mai albarka in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni Basarke ne daga ƙasar Yawuri a jihar Kebbi. Kakana masunci ne, mahaifina ma haka, ni kuma a cikin kwalekwale na yi wayo. Na shigo Legas a 1991, kuma tun lokacin sana'ata ɗaya ce: kifin banda. 'Yan'uwa su kama a gida, mata su banda, a ɗure a kwali a ɗoro a mota, ni in sayar a nan. Ina zaune a Agege da iyalina.

A watan jiya mota ta sauke mini kwali 40, yawanci tarwaɗa da kurungu. Da yaran shago suka farke, kwali 9 sun zama gari. Ƙwaro ya cinye tsokar ya bar mana ƙaya da fata. Na kira ƙanena da ke gida raina a ɓace. Ya bari sai da na gama faɗa, sannan ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Kifi ya taso kwana uku a jere, ruwan sama bai ɗauke ba, itacen da muke da shi duk a jiƙe. Matan gidan nan kwana biyu suka yi a bakin wuta har idanunsu suka kumbura. Da sai mu zuba masa ido ya ruɓe?" Na rasa abin cewa. Kifi ba hatsi ba ne da za ka zuba a rumbu ka jira ya yi kuɗi. Da ya bar ruwa, sa'o'i kaɗan gare ka: ko ƙanƙara, ko hayaƙi, ko ka sayar yadda mai saye ya ga dama. Garinmu babu ƙanƙara saboda babu lantarki. Amma in ka fita bayan gari ka hau tudu, za ka hango manyan turakun ƙarfe da suka ɗauko wuta daga Kainji suka nufi Birnin Kebbi, daga can ta tsallaka har Yamai a jamhuriyar Nijar. Da ruwan da ya cinye garin kakannina ake yin wannan wutar, kuma wani ɓangarenta yana cikin wadda nake kunnawa a ɗakina a Agege.

Yaran yanzu da yawa ba su san yadda abin ya faro ba. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka gama a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a farkon 1969. An tsara ta da injuna 12, aka girka 8, masu ƙarfin megawat 760. Ruwan da aka tare ya koma da baya ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. Ya haɗiye tsohuwar Busa, ya haɗiye gungunan da ke tsakiyar kogin Kwara da fadamun da ke bakinsa. Mutum kimanin 44,000 aka tayar daga gidajensu: Gungawa, Kambari, Busawa, Lopawa, Shangawa, da mu Sarkawa.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikinsu, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai daina ba mu labarin ba. Ya ce ma'aikata sun zo da tafinta, suka ƙidaya ɗakuna da rumbuna da itatuwa, suka rubuta lamba a ƙofar kowa. Babu wanda ya tambaye su ina kifi yake zuba ƙwai, ko ina ya dace a yi mashigar jirgi, ko wace ƙasa ce take karɓar albasa. Alhali waɗannan mutane sun san kogin kamar tafin hannunsu. Sun san farin ruwa, wanda ke zuwa da laka a ƙarshen damina, sun san baƙin ruwa, wanda ke isowa da sanyin hunturu bayan ya yi tafiyar watanni daga ƙasar Gini ta Mali. Sun san wane kifi ke bin wanne, da ranar da ya kamata a ɗaga kalli, wato tarun kamun kifi, a bar ruwa ya huta. Aka kai su gidajen siminti masu rufin asbesto, da rana zafi kamar tanda, babu wurin da mace za ta kafa murhun banda. Gungawan da suka shahara da noman albasa a fadama aka ba su tudu. Kaburburan iyayensu kuwa suna ƙarƙashin ruwa har gobe. Itatuwan da ba a sare ba kafin ruwa ya cika su ne kututturan da suke yaga mana kalli, suke fasa jirage. In aka haɗa su da tsufan jirage da lodin da ya wuce kima, ga abin da ke cinye mana rayuka. Ba mu manta jirgin da ya tarwatse a hanyarsa ta zuwa Warra a watan Mayun 2021 ba, wanda aka kwashe kwanaki ana tsamo gawarwakin mutanensa.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce da ba a gina madatsar ba. Ƙasa tana bukatar wuta, kuma wutar ruwa ba ta hayaƙi. Bayan Kainji an yi Jebba a 1985, an yi Shiroro a 1990, ga Zungeru mai megawat 700 ta shigo kwanan nan. Abin da ke damuna shi ne yadda kullum ake gama yanke shawara a ofis sannan a zo a sanar da masu wurin. Manoman yankin madatsar Bakalori da suka tsaya kan haƙƙinsu a 1980, da harsashi aka amsa musu. Masuntan Haɗeja da Nguru suna nan suna fama da ciyawar kachala tun da madatsun Tiga da Challawa suka sauya tafiyar ruwansu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Za a ce ai an kafa hukuma domin mu. Gaskiya ne. An sa hannu kan dokar HYPPADEC, hukumar raya yankunan da ake samar da wutar ruwa, a 2010, ko da yake sai bayan shekara goma aka naɗa mata shugabanni ta kama aiki a Minna. Ta raba rigunan kariya daga nitsewa, ta sare wasu kututture a hanyar jirage, kuma wanda ya yi maka alheri ka gode masa. Sai dai kyauta daban, mallaka daban. Wanda ake ba kyauta jira yake yi, ba ya tambayar lissafi, ranar da aka daina kuma ba shi da bakin magana.

Bari in kawo misali da abin da na gani da idona. Shekara huɗu da suka wuce, wani kamfani ya samu kwangilar wani shirin tallafi ya kafa ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana a wani gari kusa da namu. An yi taro, an yi jawabi, an ɗauki hotuna. Wata takwas yana aiki, kuma wallahi a watannin nan masunta sun ga bambanci, domin a karon farko mutum ya iya cewa ɗan kasuwa, "In ba ka saya haka ba, bar shi, gobe ma rana ce." Sai inbata ta samu matsala. Ba a koya wa ko yaro ɗaya a garin yadda ake buɗe akwatin ba, an ma gargaɗe su kada su taɓa. Makulli yana hannun wani a birni, lambar wayar da aka bari kuma ta daina shiga. Bayan shekara ɓarayi suka fara kwance faifan ɗaya bayan ɗaya. Da na tambayi Sarkin Ruwan garin don me ba a sa gadi ba, sai ya ce mini, "Ɗana, na wa ne da za mu tsare? Ranar da aka kawo shi ba a ce namu ba ne, cewa aka yi an kawo mana." Wannan maganar ta zauna mini a zuciya.

Ga kuma ɗaya gefen. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta tsallake 1,000. Janareto ya gagare mu a nan, injin jirgi ya gagari 'yan'uwanmu a can. Sai mu shida masu sana'ar kifi a unguwarmu muka yi adashi, muka sayi faifan sola da batir da inbata da firiza biyu. Ɗan ɗaya daga cikinmu, wanda ya koyi aikin a kasuwar Alaba, shi ya haɗa mana. Muna da littafi. Duk wanda ya ajiye kaya yana biya, ko da yana cikin mu shidan, kuma kashi ɗaya na kuɗin ba a taɓa shi sai don gyara. In hunturu ya zo, yaro yana hawa ya goge ƙurar faifan kafin rana ta ɗaga. Sau biyu abin yana lalacewa, sau biyu muna gyarawa kafin a kwana uku. Ba mu fi mutanen garin can hankali ba, ba mu fi su riƙon amana ba. Abin namu ne kawai.

Dalilin da ya sa na ga bai kamata in yi shiru yanzu ba shi ne rana ta zama dukiya, kamar yadda ruwa ya zama dukiya a zamanin iyayenmu. A Gana an riga an shimfiɗa faifan sola suna iyo a kan ruwan madatsar Bui. Duk mai hankali ya san dalili: a madatsa akwai turaku da wayoyin ɗaukar wuta a shirye, ruwa yana sanyaya faifan su ƙara ƙarfi, kuma in rana ta yi aiki da yini sai a adana ruwa don dare. Duk abin da ya sa aka yi a Bui akwai shi a Kainji da Jebba da Shiroro, har ya fi. Haka kiwon kifi a cikin keji, wanda ya cika tafkin Bolta. Waɗannan abubuwa suna tafe, kuma ina maraba da su. Tambayata ita ce, a ina za a kafa su? Lungun da ruwa ya kwanta babu igiya, wanda injiniya zai ga ya fi dacewa, sau da yawa nan ne karfasa take haƙa gurbinta ta zuba ƙwai, nan ne kuma hanyar kwalekwalen mata zuwa kasuwa. In aka kewaye wurin aka sa masu gadi, an sake tayar da mu ke nan, wannan karon ba tare da an rusa ɗaki ko ɗaya ba. Sarkin Ruwa zai iya nuna wa injiniya inda ya kamata da inda bai kamata ba cikin yini guda, in an tambaye shi kafin a zana taswira.

Doka ma ta fara buɗe ƙofa. A watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki aka ba jihohi ikon samar da lantarki da rarraba shi, a watan Yuni Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar lantarki, jihar Legas kuma ta yi tata a Disambar 2024. A farkon 2024 an ƙara wani gyara da ya ce kamfanonin samar da wuta su ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin gudanar da ayyukansu na shekara domin garuruwan da suke zaune a cikinsu. Ɗan majalisar da ke wakiltar Ikorodu, inda tashar lantarki ta Egbin take, shi ya kawo ƙudurin. Masu arzikin mai suna da irin wannan, kashi 3 cikin 100, tun dokar man fetur ta 2021. Na tambayi masunta da yawa a gida ko sun taɓa jin wannan magana. Ban samu ko ɗaya ba.

Ni abin da nake nema ya wuce kaso. Na san a dokar ƙasa ruwan da ya ratsa jihohi yana hannun gwamnatin tarayya, ban musa ba. Amma mun riga dokar zama a bakin ruwan nan. Duk kamfanin da zai kafa sola ko keji a kan tafki, ko ƙaramar tashar wuta a garin masunta, a wajabta masa ya ba ƙungiyar masuntan wurin hannun jari a rubuce, a ɗauki wurin kamun kifin da za su rasa a matsayin abin da suka zuba. A ba su kujera a inda ake yanke shawara, da ikon ganin lissafi. Kuma kafin wuta ta bi waya ta tafi birni, a fara sauke ta a bakin ruwa, a injin ƙanƙara. A Sabuwar Busa akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, akwai kwalejin koyon fasahar kifi kusa da ita. Sun ƙirƙiro tanda ta zamani da rumfar busar da kifi da zafin rana tun tuni, amma ƙanwata har yau rabin ganga da ɗanyen itace take amfani da su. Me zai hana kowane garin masunta a ɗauki yara biyu, namiji da mace, a koya musu haɗa sola da gyaran firiza? Na ce mace da gangan. Mata ne suke banda, su hayaƙi yake ci wa ido da ƙirji, su ne suke ba mazajensu bashin kalli, amma in aka zo rubuta sunayen 'yan ƙungiya sai ka ga maza zalla.

Zaman Legas ya koya mini cewa wannan ciwon ba namu kaɗai ba ne. A nan ni baƙo ne, kuma na san haka. Ruwan nan yana da masu shi: Egun, Ilaje, Awori, da Ijabawan Epe. Duk wanda ya bi gadar Third Mainland ya ga Makoko a kan turaku, hayaƙin banda yana tashi. A watan Yulin 2012 aka ba wani sashensu sa'o'i 72 aka rusa. A Otodo Gbame, tsakanin Nuwambar 2016 da Afrilun 2017, an kori dubban masunta, wasu a cikin kwalekwale suka kwana da jarirai, har babbar kotun jihar ta yanke a watan Yunin 2017 cewa korar ba tare da an tanadar musu matsuguni ba ta saɓa wa tsarin mulki. Masu yasar yashi kuma sun dagula ruwan, sun kwashe ƙasan da kifi yake kwanciya. Akwai wata dattijuwa 'yar Egun da muka fi shekara ashirin muna ciniki. Rannan na same ta tana banda kifin kwali mai ƙanƙara. Na ce, "Iya, ke da kike kwana a kan ruwa?" Ta ce, "Alhaji, yarana sun fita tun asuba, abin da suka kawo ko miyar gida bai isa ba. Wannan daga Ijora na sayo." Na tuna mahaifina. Harshe daban, addini wani lokaci daban, amma labarin ɗaya ne.

Gwamnati da kanta take cewa ƙasar nan tana bukatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa kuma bai wuce sulusin haka da yawa ba. Ga taitus da shawa ana sauke su a tashar jirgin ruwa, ga busasshen kifin Nowe a kowace kasuwa, alhali namu yana zama gari a cikin kwali. An kafa ma'aikatar kula da arzikin teku a 2023 aka mayar da sashen kifi can. Ina fata su tuna mafi yawan kifin da ake kamawa a ƙasar nan hannun mai kwalekwale yake fitowa.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka dole in faɗi namu laifin. A cikinmu akwai masu jan dala, tarun nan mai ƙananan ido da ke kwashe warangi haɗe da 'ya'yan giwan ruwa da ba su kai yatsa ba. Akwai masu su da gidan sauro. Akwai masu zuba guba a ruwa. Akwai kuma 'yan kasuwa irina da ke yayyafa wa banda fiya-fiya don kada ƙwaro ya ci, su sayar wa bayin Allah su kai wa 'ya'yansu. Wannan haramun ne, kuma na gwammace in yi asarar kwali 9 sau goma da in aikata shi. Amma ko a nan, abin da na gani yana ƙarfafa maganata. A shekarun 1990 an yi wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus a tafkin Kainji. Da suka jawo sarakuna da sarakunan ruwa cikin maganar lasisi da hana dala, mutane sun fi jin magana, domin wanda zai kama ka kawunka ne, kuma ya san inda kake ɓoye tarunka. Da shirin ya ƙare aka koma aiko umarni daga nesa, sai dala ta dawo.

Malam Edita, ina roƙonka ka tura wakilinka Yawuri da Warra da Sabuwar Busa, ya kwana a garin masunta, ya ga yadda ake cinikin kifi da magariba lokacin da mai shi ya san ba zai kai safe ba. Ina kuma kira ga lauyoyi 'yan asalin Yawuri da Ngaski da Borgu, waɗanda da kuɗin kifi aka biya wa wasunsu makaranta, su karanta mana dokokin nan su fassara su da Hausa, mu san wanne ya shafe mu da ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

Ni dai in Allah ya kai mu Babbar Sallah zan je gida. Mun yi magana da Sarkin Ruwanmu, ya yarda a taru a zaurensa a rubuta ƙungiya, da sunayen mata a ciki. Na fara tara kuɗin faifai huɗu da firiza ɗaya, ƙanena da abokan sunsa za su kawo na batir. Ɗan ƙanwata da ke koyon aiki a Alaba saura masa wata uku a yaye shi, kuma ya ce zai bi ni ya zauna can.

Wassalam.

Naka,
Wani Basarke mai sana'ar kifin banda,
Agege, Legas.